Faifan Kujera

Bron, 5 ga Nuwamba 2006

Zuwa ga Baba Bukari,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fata takardar nan za ta same ka lafiya, kai da Inna Hassia da yara duka. Barka da salla, Allah ya maimaita mana.

Na san ba ka san hannun nan ba. Ni ce Shafa'atu, ɗiyar taubashinka Maazou na unguwar Birni, a Zinder, ta huɗu a gidan. Na zo Lyon watan Satumba, ina karatun labarin ƙasa a jami'ar da ke nan Bron. Lafiyata ƙalau, in ban da sanyin da ya fara shiga ƙashi. Malam Ɗan Juma ne ya ba ni adireshinka, wanda kuka zauna fwaye ɗaya da shi, gidan kwanan ma'aikata baƙi. Tunda ya koma gida ya zama ɗan majalisar ƙofar gidanmu, kuma yana gaishe ka.

Baba, da saƙo na zo. Ranar da zan taso mahaifina ya ja ni gefe ya ce in neme ka in gaishe ka, sannan in tambaye ka ko faifan kujera yana nan. Na ce mene ne kuma faifan kujera? Ya ce wani faifan garmaho ne na makaɗan Jamus, da hoton kujerar katako ita kaɗai a tsakiyar gona. Ya aiko maka shi daga birnin Kolon na Jamus a 1974, lokacin da yake koyon aikin rediyo. Ya ce tun daga wannan faifai bai sake ganin takardarka ba, ya rubuta sau biyu shiru, kuma har yau bai san laifinsa ba.

Ba zan ɓoye maka dalilin da ya sa maganar ta taso yanzu ba. Kunnensa na hagu ya mutu, na dama kuma yana bin sahu. Lokotoron asibitin Yamai ya ce aikin ne ya ci su, shekara da shekaru da abin sauraro a kai. Ya ce mini kafin na dama ya rufe yana so ya ji muryarka, ya kuma ji kiɗanka. Ni wallahi ban taɓa sanin muna da mai kiɗa a dangi ba sai ranar.

In na shiga abin da bai kamace ni ba, ka yafe mini. Aike na aka yi.

Ɗiyarka,
Shafa'atu


Aubervilliers, 19 ga Nuwamba 2006

Ɗiyata Shafa'atu,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso. Muna lafiya, alhamdu lillahi, sai gwiwa da ke tuna mini shekaruna duk lokacin da na hau bene. Hassia na gaishe ki, ta ce ki sayi safa mai kauri tun yanzu, kada ki jira Janairu ya koya miki hankali. Ƙanwarki Nour ma tana gaisuwa. Ita Hausarta ta tsaya a sannu da ina kwana, amma zuciyarta mai kyau ce.

Gidan nan gidanki ne. Daga Lyon awa biyu ne a jirgin ƙasa, in kin sauka ki nemi metiro na bakwai, jirgin ƙarƙashin ƙasa, shi zai kawo ki kusan ƙofa. Ki zo ki ci tuwo na gaske. Ina aiki a wani sito na 'yan sari, kwalayen takalma da jakunkuna daga safe har la'asar, amma Lahadi tawa ce.

Na ji maganar kunnen ubanki, kuma ban ji daɗi ba. Allah ya ba shi lafiya. Ki gaishe shi, gaisuwa ba ta fi ƙarfina ba, ko a jana'izar Kaka Hawwa ma mun gaisa.

Amma maganar faifai ki bar ta inda kika same ta. Ke ba a haife ki ba lokacin. Ya ce bai san laifinsa ba? To. Maazou ya san karatu fiye da ni, ya san abin da ya rubuta a bayan kwalin nan. Ni da shi taubasai ne, uwarsa ƙanwar ubana ce, kuma tun muna yara ba irin zolayar da ba mu yi wa juna ba. Na taɓa zuba masa tonka mai yaji a fura, ya taɓa ɓoye mini wando a bakin tabki. Wannan duk hakkin taubashi ne, ba a fushi da shi. Sai dai akwai wurin da ko taubashi ba ya taɓawa, shi kuwa ya taɓa.

Kiɗa kuma na bari tun kafin a haifi yayanki na fari. Babu abin da zan aika.

Ki riƙa rubutowa. Tarho na gaisuwa ne kawai, ni magana sai a takarda.

Babanki,
Bukari


Bron, 10 ga Disamba 2006

Baba Bukari,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya gwiwa? Ka ce wa Inna Hassia na sayi safar, har guda uku, kuma tana da gaskiya.

Ka ce in bar maganar, na kuwa yi niyyar bari. Sai dai ƙafata ta kai ni ɗakin karatu na unguwa, inda suke ba da aron faifan sidi. Na kwatanta wa matar wurin kujerar da gonar. Ba ta ma duba na'ura ba, ta tafi ta ɗauko shi, tana kallona kamar ta ga wata 'yar garinsu. Ta ce samari biyar ne suka yi shi a wani tsohon ɗakin ajiyar hatsi, ba su da mai ba su umarni, kuma har yau masu kiɗa suna koyo daga gare shi. Sunansu ba ya faɗuwa a bakina, ni ma faifan kujera nake ce masa.

Jin farko ban gane komai ba. Ina ta jiran waƙa ta fara, ashe an daɗe da farawa. Gefen farko abu ɗaya ne tak, minti ashirin. Ana buɗewa da ƙarar ruwa yana ɗiga, sai ganga ta shigo a hankali, kuma tunda ta shigo ba ta canja ba, ba ta gaji ba, ba ta yi ado ba. Sauran kayan ne ke zuwa suna wucewa ta kanta. Gita tana kuka can nesa irin kukan wayar lantarki in iska na kaɗawa. Wani namiji mai kakkaurar murya yana gunguni, ba Jamusanci ba, ba kowane yare ba. Wajen minti goma sha biyu kowa ya yi shiru, aka bar gangar da tafi guda ɗaya da ke faɗowa a tsakanin bugu.

Baba, a nan ne na fashe da dariya ni kaɗai a cikin tiram, jirgin cikin gari, har wata tsohuwa ta matsa daga kusa da ni. Na ce ashe wannan ne abin da ya raba manya biyu shekara talatin.

Tun ranar ban rabu da shi ba. Da shi nake tafiya lakwal ɗaukar darasi, da shi nake zanen taswira. Gefe na biyu guntaye ne, akwai inda ake jin ana murɗa rediyo ana neman tasha, akwai piyano da ya sha wuya, akwai inda aka yanka sauti aka liƙa shi da baya. Wannan ya tuna mini mahaifina da rezarsa da zaren kaset a kan tebur. Ban san yadda aka yi mutanen da ba su taɓa ganin garinmu ba suka rage mini kewar gida ba, amma sun rage.

Na kira Zinder ranar Juma'a. Sai da na maimaita kowace magana sau uku, ƙarshe mahaifina ya miƙa wa Innata tarhon. Ina roƙonka, ka sake saurara ko sau ɗaya.

Ɗiyarka,
Shafa'atu


Aubervilliers, 7 ga Janairu 2007

Shafa'atu,

Muna lafiya. Barka da layya. Mun ajiye miki nama, ba ki zo ba, wataƙila haka ya fi.

Kin yi dariya a cikin tiram. Madalla. Ba ke kika fara ba, kin shiga layi ne. Tunda kin nace, zauna ki ji.

Gidanmu ba gidan makaɗa ba ne, kin sani. Ubana da ya gan ni da ƙwarya ina bugawa sai da ya fasa ta. Da na zo ƙasar nan a 1971, ina sharar wata masana'anta, na haɗu da wasu 'yan Mali da 'yan Kamaru masu gita, suka ce hannuna yana da kyau. Ni ban iya kiɗan kowa ba. Abin da na iya shi ne luguden gidan Kaka Hawwa, taɓare biyu a turmi ɗaya da tafi a tsakani, shi nake yi a kan ƙwarya, ba na canjawa. Na ɗauka a kaset na aika wa ubanki a Kolon, ban aika wa kowa ba sai shi. Na rubuta masa cewa Maazou, yau ɗaya ka ajiye taubasantaka, kai ne mai kunnen rediyo, ka faɗa mini gaskiya, in ci gaba ko in bari.

Wata biyu ina jira. Sai ga faifai, da rubutu a bayan kwali: "Bawana, na samo maka 'yan'uwanka a Jamus. Kiɗanka ke nan sak."

Don murna ban ma saurara ni kaɗai ba. Na tara mutanen fwaye ranar Lahadi, mun fi ashirin, na karanta musu rubutun da ƙarfi. Na ɗora shi a kan garmahona da na saya a kasuwar gwanjo, wanda muke jin ƙananan fayafayan Kongo da shi. Abin da ya fito, ɗiyata, ganga ce tana gudu kamar an koro ta, da wata murya siririya tana tsuwa irin ta ɓera a rumbu. Mutane suka yi ta faɗuwa ƙasa. Ɗan Juman da yake gaishe ni, shi ya fara kira na Bajamushe, sunan kuma ya bi ni har wurin aiki. A makon na ba da ƙwaryata aka riƙa wanke shinkafa a ciki. Garmahon na kai shi ɗakin ajiya, ban sake buɗe shi ba.

Na roƙi mutum gaskiya sau ɗaya a rayuwata, ya ba ni wasa. Abin ya yi mini ciwo, kuma har yau yana yi.

Yanzu ke kuma kin zo da kakkaurar murya da minti ashirin. Don kada in zalunce ki, jiya na sauka na ɗauko garmahon, na share ƙura, yana aiki. Faifan yana cikin akwatina, ban yar ba, ban san dalili ba. Na ɗora shi na riƙe agogo a hannu. Gefen farko minti goma sha huɗu ne da daƙiƙa hamsin, kuma ɓeran yana nan da ransa. Hassia ta leƙo ta ce ko injin wanki ne ya lalace.

To ko dai ba faifai ɗaya muke magana ba, ko kuwa ubanki ya ba ki gadon wasan ki ƙarasa masa. In na biyun ne, ke ba taubashiyata ba ce, ɗiyata ce, kuma bai dace ba.

Bukari


Bron, 4 ga Maris 2007

Baba Bukari,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Inna Hassia da Nour. Ina fata kowa lafiya.

Na yi wata biyu ban rubuto ba. Ba fushi ba ne, kunya ce. Na karanta takardarka na yi kuka, don na ga yadda maganata ta sauka. Dariyar da na yi ba ta reni ba ce, Allah ne shaida. Tafin nan ne na ji, na ga tsakar gidanmu da hantsi, abin ya zo mini ba shiri. Amma na rubuta shi da ganganci, ban san ciwon da ke wurin ba. Ka yafe mini. Kuma mahaifina bai sa ni komai ba, bai ma san muna wannan magana ba.

Minti biyar ɗin da suka ɓata tsakanina da kai su suka hana ni sakat. Na ce wataƙila na sidi daban ne da na asali. Jiya Asabar da hantsi na hau tudun Croix-Rousse, inda aka ce akwai wani tsoho mai sayar da tsofaffin fayafai. Yana da shi, babba, da kujerarsa da gonarsa. Ya ɗora mini, na riƙe agogo kamar yadda ka yi. Minti ashirin cif, da muryar nan mai kauri.

Na ce masa babana yana da irinsa, amma nasa bai kai sha biyar ba, kuma muryar ta ɓera ce. Tsohon ya dube ni ta saman tabarau. Ya miƙa yatsa ya tura wani ɗan ƙarfe a gefen garmahon. Baba, sai ga ɓeranka. Gangar ta kama gudu, gitar ta koma kukan sauro, duk abin da ka kwatanta ba ka ƙara ko ɗaya ba.

Ya ce garmaho gudu biyu gare shi. Ƙananan fayafai irin naku na Kongo suna juyawa sau arba'in da biyar a minti, manya kuwa sau talatin da uku. In aka ɗora babba a gudun ƙarami, komai sai ya yi sauri ya sirance. Ya ce da waƙa ce da kowa ya sani, da nan take za a gane, amma wannan kiɗa ba wanda ya san yadda ya kamata ya kasance, don haka ba kai ne na farko ba. Ban sani ba ko don ya faranta mini ya faɗi haka.

Ba ina koya maka ba ne. Ina roƙo ne kawai ka duba gefen garmahonka, ko ƙarƙashin hannun allura. In akwai ɗan ƙarfe da lamba 33 da 45, ka ga inda yake tsaye.

Labarin gida: Innata ta ce yanzu mahaifina ba ya jin kiran salla daga masallacin unguwa, sai ya ga mutane sun tashi. Ban faɗa masa abin da na gano ba. Ba nawa ba ne in faɗa.

Ɗiyarka,
Shafa'atu


Aubervilliers, 15 ga Afrilu 2007

Ɗiyata Shafa'atu, ɗiyar albarka,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Muna lafiya, gwiwa ma ta yi sauƙi tunda rana ta fara fitowa. Ina fata karatu yana tafiya daidai. Hassia da Nour suna gaishe ki.

Ɗan ƙarfen yana nan. A kan 45 yake.

Sati uku na yi ina wuce garmahon nan ban taɓa shi ba. Tsoro nake ji, gaskiya ke nan. In kin yi kuskure, na sake shan kunya. In kuma kin yi daidai, to wa zan kai ƙara? Da na yi ƙarfin hali na tura shi, ya ƙi motsi, tsatsa ta kama shi tun zamanin da aka ƙera shi. Sai da Hassia ta ɗiga masa man keken ɗinkinta, muka bar shi ya kwana, sannan ya yarda.

Ranar Lahadi bayan azahar na ɗora. Ruwan nan ya ɗiga. Da gangar ta shigo sai na zauna a ƙasa. Hassia tana kicin, ta fito da ludayi a hannu ta ce, "Malam, wa ke daka a bene na shida?"

Ɗiyata, turmin Kaka Hawwa ne. Ba kama ba, shi ne. Taɓarya ta sauka, ta biyu ta bi ta, ba gaggawa, irin dakan matan da suka san hatsin da yawa kuma yini yana da tsawo. Wannan Bajamushen mai ganga, ko wane ne shi, ya san abin da na sani, cewa in ka riƙe bugu ɗaya ba ka sake shi ba, mai sauraro ne zai fara canjawa. Ni a lokacin ina jin kunyar hakan, ina ganin rashin iyawa ne. 'Yan Kamaru suna ta ce mini in ƙara ado. Ashe can wasu sun mai da shi faifai guda, har ana koyo da su. Da aka zo inda kika faɗa, kowa ya yi shiru sai ganga da tafi, hannuna da kansa ya tafa a wurin, bai yi kuskure ba ko sau ɗaya. Mai gungunin ma na daina jin haushinsa, irin ƙunƙunin da tsoho yake yi ne in yana gyaran igiya.

Sau huɗu na juya shi a ranar. Gefe na biyu har yanzu ban gama shiryawa da shi ba, piyanon nan yana bukatar lokotoro. Amma inda ake murɗa rediyo na so shi, don na ga ubanki zaune a ɗakin sanyi a ƙasar mutane yana neman tashar gida.

Na ɗauko kwalin na sake karanta rubutun. Kalma ɗaya ba ta canja ba. Na roƙi gaskiya, mutumin nan ya ba ni gaskiya mafi daɗi da aka taɓa ba ni, ni kuwa na saka masa da shiru. Da wani ne ya aiko, da na ce faifan ne ya lalace. Don taubashi ne, ban ko yi shakka ba. Na yi kuka a gaban matata, ban ji kunya ba. Ke ma na yi miki zargi a banza, ki yafe wa tsoho.

Ban tsaya a kuka ba. Na je kasuwar Château Rouge na zaɓi ƙwarya, na ƙwanƙwasa goma sha ɗaya kafin in samu mai murya, mai shagon har ya fara tsuke fuska. Sati biyu ina gwaji, yatsu suka kumbura. A gida maƙwabta ba za su bari ba, sai na roƙi mai sitonmu, ya ba ni bayan sito a lokacin hutun rana. Tsakanin kwalayen takalma sauti yana zama da kyau, ban taɓa lura ba. Na ɗauka a kaset, don na san Maazou ba zai rasa rediyo mai kaset ba. Da farko na yi magana da ƙarfi, na faɗa masa komai, har da ɗan ƙarfen. Sannan na buga minti ashirin.

Wata Hajiya Balkisa ta La Courneuve za ta tafi Zinder ranar Alhamis, ta karɓa, ta ce hannu da hannu za ta ba shi. Yanzu abin da ke damuna ɗaya ne, kada in zama na makara. In kin kira gida ki tambayar mini Innarki yadda kunnen yake, kada ki rage mini komai.

Ki zo hutun nan. Nour ta ji faifan ta ce abokanta suna rawa da jikokin wannan kiɗa, wai ashe babanta ɗan gaye ne ba ta sani ba. Ki zo ki ji shi a babban faifai, ya fi na sidinki.

Babanki,
Bukari


Zinder, 3 ga Yuni 2007

Zuwa ga bawana Bukari, Bajamushen Aubervilliers,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina lafiya, iyali suna lafiya, zafi ya kai inda ya kai, muna jiran ruwa. Ina gaida Hassia, matar da ta yi haƙuri da kai, Allah ya ba ta lada. Ina gaida ɗiyata Nour. Shafa'atu ta ce ta zo muku kun cika ta da tuwo, na gode.

Hajiya Balkisa ta kawo saƙo. Maganar da ka yi a farkon kaset ban ji ta duka ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Na ƙure ƙarar, na manna kunnen dama, na tsinci muryarka can ƙasa, ta tsufa amma ita ce. Sauran Ɗan Juma ne ya rubuta mini a takarda. Da ya zo wurin ɗan ƙarfen sai ya ajiye alƙalami ya rufe fuska, don ya ce shi ma yana wurin, kuma shi ya fi kowa dariya. Yana neman gafararka.

Shekara talatin da uku kana neman lamba talatin da uku a jikin akwatin da bai kai tabarmar salla ba. Wannan zan ba jikokina labari, kuma ba ka da ikon yin fushi, ka riga ka cinye rabonka na fushi har na lahira.

Ni ma ina da nawa laifin. Ka ce in ajiye wasa, na buɗe da bawana. Hannuna ne ya saba. Kuma da na ga shiru sai na ɗauka ka tuba ne daga kiɗa, kana ganina a matsayin mai ja ka baya, shi ya sa a jana'izar Kaka ban tambaye ka ba. Da na buɗe baki ranar, da an gama.

Bari in faɗa maka abin da ban rubuta a kwalin ba. Lokacin sanyi ne a Kolon, wata huɗu ban yi Hausa da kowa ba. Kasetinka shi ne abokin hirata. Wata rana wani abokin aiki ya sa faifan nan a ɗakin ɗaukar sauti, na miƙe tsaye na ce wannan ai ɗan'uwana ne. Na kawo naka na sa musu. Abokan aikina biyar suka saurara har ƙarshe, ɗaya ya ce in tambaye ka yadda kake riƙe bugu haka ba ka karkace ba. Tambayar tana wurina tun 1974, ga ta na isar.

Ƙwaryar kuwa na ji ta. Kunne ya ɗauki rabi, sauran na rungume rediyon a ƙirji ya shiga ta nan. Kowace safiya bayan na karya ina sa shi. Matan gidan sun fara fito da turmi suna bin ka.

Amma ka nemi gaskiya daga mai kunnen rediyo, to ga ta. Daga minti na tara ka fara sauri. Kaɗan ne, wani ba zai lura ba, ni na lura. Bajamushen bai yi haka ba. Sai ka sake, kuma ba na son kaset, na gaji da rungumar rediyo kamar jariri. Lokotoro ya ce na dama zai iya kai ƙarshen damina, bai yi alkawarin abin da ya wuce nan ba. Turmin Kaka yana nan, ƙwarya kuma ba sai ka ɗauko daga Paris ba. Ka zo ka zauna ta gefen kunnena na dama, kusa sosai, ka buga a hankali.

Ubangidanka,
Maazou